Ranar da Inna ta Wanke Aska Takwas

Jikata ce ta matsa sai na raka ta Ƙofar Jatau karɓo rigar mijinta, wai ni ce na san ɗinki, in duba mata kada a cuce ta. Mai adaidaita ya sauke mu a bakin wani layin shaguna na bulo, na tsaya ina waige-waige, sai da na ga tsohon durumin nan da ya karkace sannan na gane inda nake. A daidai nan gidan hayar da na girma yake. Zauren ya zama shagon cajin waya, inda rijiyarmu take kuwa an girke wani keken ɗinki da ba a taka shi, ba a riƙe masa yadi. Wani saurayi ya danna kwamfuta ya koma ya zauna, keken yana ta zuba adon aska takwas shi kaɗai, kafin mu gama gaisawa ya cika rabin aljihu. Na ce, "Ɗan nan, wa ya zana maka wannan?" Ya ce, "Hajiya, ai ba zanawa ake yi ba, a waya ake turo mana." Jikata ta kwashe da dariya ta ce, "Shi ke nan, tsohuwa za ta fara." Ta yi gaskiya, na fara, kuma har yau ban gama ba.

Mu baƙi ne a birni, ko da yake daga ƙauyenmu zuwa ganuwa bai fi tafiyar yini guda a ƙafa ba. Da aka raba gonar gado, abin da ya faɗo wa Baba bai isa ya ciyar da mu ba, sai ya bar wa ƙanensa ya kwaso mu. Gidan da muka sauka kowane ɗaki iyali guda ne, kowane iyali da ƙauyensa, kowa da irin maganarsa. Mu shida ne a namu ɗakin: Baba, da Inna, da Yaya wanda nake bi, da ni, da ƙannena biyu. Tukwane a ƙarƙashin gado, tabarmi a jingine, kayan mutane kuma a rataye can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Mai gidan wani dattijo ne da ya bar aiki, yana zaune a ɗakin da ke kusa da zaure, bai cika magana ba amma babu abin da ke wuce idonsa.

Duk gidan da allura ake ci. Akwai wani Alhaji mai riguna a Kwarbai, shi ke sayen yadi da zare, ya kai wa Malam mai zane ya fitar da adon da tawada, sannan ya rarraba aikin gida-gida. Fuskar riga, wato aljihu da wuya inda ido ke fara sauka, ta 'yan birni ce waɗanda suka gaji sana'ar. Mu 'yan haya sai abin da ba a kallo: kalmasar baki, da shafin ciki, da ɗan cikon baya. Kuma babu wanda ya yi ƙanƙanta da aiki. Yaro in ya iya zama, zai miƙe hannu biyu a rataya masa zare uwarsa tana naɗewa. In ya ɗan tasa sai zura allura, don idon yaro ya fi na manya. Ƙanena yakan jera allurai goma a jikin matashin kai, kowace da zarenta, kada Baba ya tsaya jira. In ka kai shekara bakwai an ba ka kalmasa, an ɗaura maka guntun fata a yatsa, ka zama ma'aikaci. Daga makarantar allo sai koko, daga koko sai tabarma a tsakar gida, muna bin inuwa tana zagaya katanga har la'asar sakaliya. Babu rediyo, babu komai, sai ƙaran zare yana ratsa shadda, da tarin tsofaffi, da kuma sautin masu bugun riguna daga rumfarsu a bayan katanga, dum-dum, dum-dum, tun hantsi har rana ta yi sanyi. In na ce da daɗi kawai na yi ƙarya. Wuya yana ƙagewa, ido yana ruwa, yatsa ya huje ya warke ya sake hujewa, kuma kana jin 'ya'yan birni a waje suna wasa. Ni dai har yau ban iya carafke ba, jikokina ma dariya suke yi mini. Baba ba mai duka ba ne, magana ɗaya gare shi, safe da yamma: "Ku wanke hannu, kayan mutane ne."

Ni ce mai kai kaya da karɓowa, don hannun Yaya ya fi nawa sauri, ba a son ya tashi daga tabarma. Ta haka na san zauren Malam mai zane. Tsoho ne siriri mai kaifin harshe, tabaransa a ɗaure da zare, kuma duk birni babu mai zane kamarsa. In na je ban tarar ya gama ba sai in rakuɓe a bakin ƙofa ina kallo. Ba ya awo, ba ya gwadawa. Ya tsoma alƙalami a tawada, ya ja, sai ga askar nan doguwa mai tsini ta fito, ya ja ga ta biyu, har takwas, sannan ya murɗa tambari, wato da'irar nan mai naɗewa kamar gammo. A lokacin hannunsa ya fara rawa, layinsa yana ɗan karkacewa, amma wa zai faɗa masa? Masu ɗinki suna bin karkatar da zare yadda ya ja ta. Ni kuwa na san yadda hannun yake a dā, saboda mai gidanmu yana da wata tsohuwar riga da Malam ya zana tun yana da ƙarfi, kowace Juma'a da safe yakan shanya ta a igiya ta sha iska. Sai in tsaya a gabanta kamar wadda aka dasa. Abin ya shiga raina ban san ya shiga ba. Na zana a ƙasa da tsinke, na zana a bayan allona na sha bulala, daga baya na samu bangon bayan madafa inda ba kowa ke zuwa ba, na cika shi da gawayi.

Shekara uku Baba yana roƙon Alhaji ya gwada shi da fuskar riga. Kalmasa ba ta riƙe mutum shida, kuma na ji shi da kunnena yana ce wa Inna in bana ba ta canza ba, kafin damina za mu koma ƙauye ya yi ƙodago a gonar ƙanensa. Ana nan sai aiki ya yi wa Alhaji yawa, ɗaya daga cikin manyan masu ɗinkinsa kuma ya kwanta ciwo. Ya kira Baba ya ba shi farar shadda, Malam ya zane ta da aska takwas, ga zaren tsamiya, wato alharini mai tsada. Alhaji ya ce wa Baba, "Mutane sun ce kada in ba ka, na ba ka. In ta yi kyau, gidanku ya samu hanya. In ta ɓaci, kada in ƙara ganin ƙafar kowa daga gidan nan, har masu kalmasa." Ranar da na shigo da rigar a ka, duk ɗakunan sai da suka fito kallo, don kowa ya san abincinsa ne na ɗauko.

Baba da Yaya suka duƙufa. Wata guda da 'yan kwanaki suka ci rabi, kuma ɗinkin ya kwanta lumui. Sai dai farar riga in tana hannu kullum dole ta dafe, duk wankin hannunka kuwa. Wata rana ƙanwar mai gida, 'yar birni ce ta gaske, ta zo gaishe shi, ta tsaya a kan tabarmarmu ta taɓe baki ta ce, "Oh, farar shadda a hannun ƙauye. Dubi yadda ta koma kamar tsumman goge tukunya." Ta wuce abinta. Inna tana tsugune tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, amma na ga hannunta ya tsaya. Inna mace ce da za ka zage ta da talauci ta yi dariya, amma kada ka kusanci tsabtarta. Sau uku take share ɗakin nan a yini.

Washegari Juma'a ce. Baba da Yaya suka tafi masallaci, ni ina goye da autanmu, sai na ga Inna ta ja ruwa ta cika daro, ta ɗauko sabulu, ta sauko da rigar. Duk ɗan birni, ko yaron goye ne, ya san rigar da ke kan aiki ba ta ganin ruwa sai an cire allura ta ƙarshe. Dauɗar ba abin kunya ba ce, aikin masu wanki da masu bugu ne daga baya. Inna ba ta sani ba. A zatonta tawadar masu zane kamar shunin marina take, in ta kama ta kama. Kafin in kwance goyo in iso, ruwan daron ya yi baƙi. Ta ɗauraye, ta matse, ta shanya a igiya kusa da tsohuwar rigar mai gida, ta ja da baya tana kallo da alfahari. Rigar ta yi fari tas. Rabin da aka ɗinke yana nan daram, ɗaya rabin kuwa babu aska, babu tambari, babu ko ɗigon tawada.

Da Baba ya dawo ya gani, bai ɗaga murya ba. Ya zauna a dokin ƙofa ko takalmi bai cire ba. Mutanen gida suka taru. Matar ɗakin da ke kallon namu ta ɗora hannu a ka ta ce, "Kin kashe mu, baiwar Allah." Inna ta ce a hankali, "Ni dai so na yi kada a ce mu ƙazamai ne." Wani ya ce a koma wa Malam ya sake zanawa, aka ce masa ya yi shiru, don kowa ya san Malam ba ya zane biyu a yadi ɗaya, kuma abin da ya shiga zaurensa da safe kafin azahar duk Kwarbai ta ji. Baba ya ce, "Gobe in mayar wa Alhaji kayansa. Ke kuma ki fara ɗaure tukwane."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, ni na iya." Yaya ya ce, "Kin iya me? Rufe mana baki." Sai mai gida, wanda tun ɗazu yake tsaye da sandarsa, ya ce, "Ku bar ta. Ni na san wanda ya ɓata mini bango da gawayi, shekara biyu ina jiran in ga ranar da za a biya ni da wani abu." Ya ja su zuwa bayan madafa. Ga askoki nan sahu-sahu, na ƙasa karkatattu na lokacin da nake ƙarama, na sama kuwa miƙaƙƙu. Baba ya daɗe yana kallo, ni kuma ina jiran mari. Ya juyo ya ce, "Za ki zana, mu ɗinke. Amma ranar kaiwa da bakina zan faɗa wa Alhaji abin da ya faru. Ba zan ciyar da ku da ƙarya ba."

Washegari da hantsi aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Mai gida ya kawo tsohuwar rigarsa ya baje a gefe, maza huɗu suka riƙe kusurwoyin shaddar suka ja ta ta miƙe, mata suka kwashe yara suka yi can ƙarshen gida. Tawadar allona ce da alƙalamina na kara. Tafin hannuna yana ta zufa, Inna ta durƙusa ta goge mini da bakin zanenta. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, har sai da na ja layin farko. Daga nan ban ƙara jin kowa ba, ko bugun masu bugu ban ji ba. Bai zo mini a rai in kwaikwayi rawar hannun Malam ba, yarinya ce ni, abin da na ga ya fi kyau shi na bi. Na ja askokin a miƙe kamar na tsohuwar rigar, na murɗa tambari, kafin kiran azahar na ajiye alƙalami. Bayan wannan rigar ta zama ta gida duka. Wannan ya zura allura, wancan ya naɗe zare, matar da ta ce an kashe su ita ke kawo wa Baba fura a kan aiki.

Ranar kaiwa ni na ɗauko ƙunshin, na ajiye a zauren Alhaji na koma bakin ƙofa. Malam yana nan, don al'ada ce ya duba manyan riguna kafin a kai bugu. Aka warware. Baba ya gyara zama ya ce, "Alhaji, akwai magana." Malam ya ɗaga masa hannu. Ya gyara tabarau, ya sa yatsa yana bin ɗinkin. Ya ce, "Wannan gefen nawa ne." Ya matsa ɗaya gefen, ya bi aska tun daga gindi har tsini, ya sake bi. Ya ce, "Wannan ma nawa ne, amma na shekara ashirin da suka wuce." Sai ya ninke rigar ya haɗa gefen biyu kusa da juna, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Alhaji, tun yaushe hannuna ya koma haka?"

Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ai hannunka..."

"Tun yaushe, na ce."

"An ɗan jima."

Malam ya ce, "Kuna ɗinke mini karkata da zaren tsamiya, kuna ce mini sannu da aiki." Duk tsoron da nake ji, sai da tausayinsa ya kama ni.

Nan Baba ya faɗi komai, bai rage ba, sai dai bai ambaci maganar ƙanwar mai gida ba. Alhaji ya ce, "Wanke ta aka yi? Da zanen a jiki?" Baba ya ce, "Da sabulu, Alhaji." Malam ya ce, "Ni ba wanki na tambaya ba. Wa ya zana?" Baba ya nuna ni ya ce, "Ga ta can." Malam ya leƙo ta saman tabarau, ya yafito ni, ya jefo mini ƙyalle da alƙalaminsa ya ce, "Yi mini tambari." Na durƙusa na fara daga waje ina naɗowa ciki, yadda na saba a bango. Ya ƙwanƙwashe mini yatsa ya ce, "Daga ciki ake farawa, 'yar ƙauye. Wa ya koya miki?" Na ce, "Kai ne, Malam." Ya ce, "Ni ban taɓa koya wa mace zane ba." Na ce, "Kallo nake yi in na kawo kaya." Ya dubi ƙyallen, ya dube ni, ya ce wa Baba, "Ku tafi." Alhaji ya naɗe rigar ya ajiye, bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba, kuma bai ba mu ko kalmasa ɗaya mu taho da ita ba.

Kwana biyar babu aiki a gidan. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin tsakar gidan nan babu tabarmar ɗinki ba. Ga mu yara an sake mu, babu mai cewa zo ka zura allura, amma ko ɗaya bai iya wasa ba, muna zaune jugum kamar manya. Inna ta ɗaure tukwane ta jera a bakin ƙofa, ba ta haɗa ido da kowa. A rana ta shida da hantsi wani ɗan dako ya yi sallama da ƙaton ƙunshi. Baba ya kwance, yadin riguna uku ne manya. Ya warware na farko, fari fat babu zane. Na biyu haka, na uku haka. Fuskarsa ta canza, ya ɗauka ba'a ake yi mana. Sai wani ƙullin tsumma ya faɗo daga cikin na ukun. Kwalbar tawadar Malam ce, da alƙaluma biyu. Ɗan dakon ya ce, "Malam ya ce yarinyar ta zana, in ta gama a kai masa ya duba, kuma ta fara daga ciki. Alhaji kuma ya ce ɗinkin duka na gidan nan ne, har aljihu har wuya."

Daga ranar ba mu ƙara maganar ƙauye ba. Malam ya duba zanena har ƙarshen ransa, bai taɓa cewa ya yi kyau ba, iyakarsa ya ce, "Ɗauki na gaba." Na yi zane a gidanmu, na yi a gidan mijina, manyan mutane sun sa rigunan da na ja wa layi suna taƙama ba su san 'yar haya ce ba. Da wannan alƙalamin na sa 'ya'yana makaranta, kuma na rantse babu wanda zai huje yatsa yana ɗan shekara bakwai, Allah kuwa ya cika mini. Saboda haka ba na fushi da keken saurayin nan, ya ɗauke wa yara wahala. Na dai gaya masa askarsa ta uku ta fi sauran gajarta, ya duba ya ga haka ne, jikata ta ja ni muka fito kafin in tara masa jama'a.

A hanyar gida ta ce, "To Hajiya, a duk labarin nan me kika fi tunawa?" Ba zauren Alhaji ba ne, ba kuma kwalbar ba, ko da yake tana nan a akwatina. Inna ce. Ranar da ɗan dakon nan ya kawo ƙunshin, mata suna ta guɗa a tsakar gida, Yaya ya ɗaga ni sama, Baba ya juya baya yana share ido da hannun riga. Ita kuwa Inna, wadda ta yi kwana da kwanaki ba a ji muryarta ba, ta taso ta ɗauki farin yadin nan ta ɗaga shi a rana, ta juya gaba ta juya baya, sannan ta dubi mutanen gida ta ce, "To, wannan dai ko na wanke babu abin da zai goge." Ta ajiye, ta je ta kwance tukwanenta.